Takardar da Kawu ya bari

Jiya na ga tawadar zaɓe a babban yatsana, sai marigayi Kawu ya faɗo mini a rai, na kasa zama.

Kakanninmu bayi ne da aka 'yanta, amma ba a taɓa naɗa mai unguwa daga cikinmu ba. Kawu ya bi gida-gida da takardar koke, kowa ya dangwala yatsa. Sau uku muna kai ta wurin hukuma a Gaya, a ninke cikin hularsa, tana warin gumi. Kullum sai a ce mu dawo bayan kaka.

A mota na ce, "Kawu, mu haƙura mana."

Ya ce, "Ɗana, an kwance igiya, sai mu zauna a turke?"

Takardar tana wurina, har yau ban mayar da ita Gaya ba. Allah ya haskaka kabarinsa, ya ba ni rabin nacinsa.