Taku Goma Sha Huɗu

Duk wanda ya zauna a layin nan ya san Baba Buroshi, ko da bai san ainihin sunansa ba. Shekara talatin ya yi yana rubuta allunan shaguna, daga baya wani ɗan kwangila ya ɗauke shi zanen layukan titi, fari da ruwan ɗorawa, har gwiwoyinsa suka ce sun gaji. Tsantseninsa a kan aiki har ya yi yawa. Idan ya ga allon da aka rubuta a karkace, sai ya tsaya ya ja tsaki kamar shi aka zaga. Yanzu na'ura ke buga alluna, ba mai nemansa, amma hannunsa bai taɓa rawa ba, kuma yana taƙama da hakan fiye da kima.

Matarsa, wadda kowa ke kira Inna, ƙodarta ta daina aiki shekara biyu da suka wuce. Litinin da Alhamis, ƙarfe tara na safe, dole ta kasance a asibiti a wanke mata jini. In ta makara, sai a ɗora wani a kan injin. In ta rasa rana guda, ƙafafu su kumbura, numfashi ya yi sama. Ciwon ya cinye mata ƙarfi ƙaf, abin da ya rage mata taku goma sha huɗu ne da sanda, shi ya ƙirga su da bakinsa. Daga ƙofar gida zuwa bakin titi taku goma sha biyu ne. Idan tsohuwar motarsa tana daidai ƙofa, Inna za ta shiga da ƙafarta har da rarar taku biyu.

Wata Litinin suka wayi gari motar wani baƙo ta tare ƙofar, tasu tana can gida na huɗu. Inna ta ce za ta iya. A taku na goma sha tara ta zube a bakin kwata, zaninta ya kwance, samarin layi suka ruga suka ɗauke ta cak, mata na leƙe ta taga. Ba ta yi kuka ba sai da suka dawo gida.

"Malam," ta ce, "wallahi ba za a sake ɗaukata a kan titi kamar kayan wanki ba. Ranar da ba zan iya shiga mota da ƙafata ba, ka bar ni a ɗakina in jira lokacina."

Ya san ta. Shekara arba'in da uku suna tare, bai taɓa ganin ta rantse ta janye ba. Tun daga ranar tsoro ya shige shi bai fita ba, kuma wannan ɗan filin na bakin ƙofa ya zame masa aiki.

Da farko kujera mai ƙafa uku yake ajiyewa duk lokacin da zai fita, aka sace ta. Ya koma tsohuwar taya, yara suka gangara da ita. Sai ya cika gwangwanin fenti biyu da siminti. Su ne suka haɗa shi da Dogo, maƙwabcinsa mai rarraba burodi, wanda ke da farar mota mai akwati da ba ta samun wuri ko'ina sai nan.

"Baba, ni fa ba na son raini ya shiga tsakaninmu," in ji Dogo, ranar da ya kawar da gwangwanayen da ƙafa. "Titi na kowa ne. Ni ma kaya nake saukewa."

"Burodinka yana da ƙoda ne?"

"To ka je ka sayi titin, sai mu san naka ne."

Mako biyu ba su gaisa ba. Wani ya kai ƙara, har yau ba a san ko wane ne ba, amma Baba Buroshi ya ɗora wa Dogo. Jami'in kula da hanya ya zo ya sa aka kwashe gwangwanayen, ya yi masa bayani a tsanake kamar yana koya wa yaro karatu. Gidanka ya ƙare a bakin kwata, in ji shi, abin da ya wuce nan na hukuma ne, kuma tare hanya laifi ne. In da mara lafiya, akwai ofis, su za su zana wuri na musamman, su ba da katin da ake mannawa a gilashi.

Ya je ofishin. Aka ba shi takarda ya cike, aka ce ya kawo wasiƙar likita. Ya kawo, aka ce hatimin bai fito ba. Ya sake kawowa, aka ce kwamiti ya zauna jiya, sai kuma bayan wata uku, daga nan a turo mai duba wuri. Ya ce wa matar da ke bayan tebur matarsa ba ta da wata uku na jira. Ta ce Allah ya ba ta lafiya, ta kira na bayansa.

A cikin makon, sau biyu yana zama a mota tun la'asar ɗin jajibirin asibiti, yana dakon wanda ya tare ƙofar ya tashi ya maye gurbinsa. Ya daina zuwa ko'ina don kada ya rasa wurin, har jana'izar abokin aikinsa bai je ba. Autarsu da ke aure a nesa ta kira ta ce ya rame, muryarsa ma ta nuna.

Ranar wata Lahadi da hantsi ya buɗe akwatin kayan aikinsa. Ya ɗauko tsohuwar rigarsa mai ƙyalli ta aikin titi, da igiyar awo, da alli, da ragowar fenti. Bai ɓoye ba, ya san mutum in yana sanye da wannan rigar ba mai tambayarsa. Dogo ne kawai ya tsaya.

"Baba, sun amince ke nan?"

"Sun amince," in ji Baba Buroshi, bai ɗago kai ba. "Sun ce tunda sana'ata ce, in zana da kaina."

Dogo ya durƙusa ya kama masa bakin igiyar. "Ka yafe mini maganar rannan," ya ce. "Ban san abin ya kai haka ba."

Wannan ta fi komai yi masa ciwo, amma bai tsaya ba. Ya ja layi huɗu na ruwan ɗorawa, faɗinsu daidai da ƙa'ida, kusurwa ta haɗu da kusurwa. A tsakiya ya zana keken guragu fari a kan shuɗi, taya zagayayyiya kamar an buga da inji. Da ya miƙe ya duba, ya san bai taɓa yin aiki mai kyan wannan ba, kuma kunya ta hana shi jin daɗinsa.

Kwana takwas aka yi lafiya. Ba motar da ta kusanci wurin. Dogo ya koma ajiye tasa a ƙarshen layi, yana ɗauko farantan burodi a ka. Inna ta je asibiti sau biyu da ƙafarta, har tana tsokanar mijinta wai ya zama mai fili a titin gwamnati.

Ranar Litinin, takwas saura, yana ɗaura mata takalmi ya ji ƙarar sarƙa a waje. Ya fito ya tarar motar jan motoci ta riga ta ɗaga gaban tasa sama. Jami'ai biyu ne, ba wanda ya zo rannan a cikinsu.

"Lafiya? Motata ce! Ƙofar gidana ce!"

"Baba, wurin nan na masu kati ne," in ji babbansu. "Ina katinka?"

"Matata ce mara lafiyar. Tana ciki, ƙarfe tara za a ɗora ta a inji. Ku shigo ku gan ta."

"Kowa haka yake cewa. In ba kati a gilashi, ba ruwanmu. Irinku ne ke hana masu lalura wurinsu."

Mutane sun fara taruwa, Dogo na cikinsu da faranti a ka. Baba Buroshi ya kama ƙarfen motar da hannu biyu. Ya duba agogo, ya duba ƙofar gidansa, sai maganar ta fito da ƙarfi har ƙarshen layi.

"Ni na zana shi! Ba na hukuma ba ne, wallahi ni na zana da hannuna, ƙarya na yi!"

Jami'in ya sunkuya ya dubi layin, ya goga takalminsa a kai, ya yi dariya. "Haba Baba. Shekarata goma sha biyu a aikin nan, na san zanen ofis in na gan shi. Kuma ka iya bakinka, in da gaske kai ka zana, da kai za mu tafi, ba da mota kaɗai ba." Ya miƙa masa takarda, suka ja motar suka tafi.

Dogo ya sauke farantin a hankali. "Har da igiya na riƙe maka," ya ce. Ya juya ya tafi, Baba Buroshi bai iya kiransa ba.

Takwas da kwata. Ya tsaya a tsakiyar zanen, ya rasa inda zai sa kansa. Motar haya ba ta shigowa layin sai an fita babban titi an nemo, kuma a wannan lokacin duk cike suke. Yana nan tsaye farar motar burodi ta taho da baya, ta hau kan keken guragun ta tsaya daidai ƙofa.

"Tunda kai ka zana, ai ba na gwamnati ba ne," in ji Dogo, fuskarsa a ɗaure. "Fito da ita."

Inna ta fito da sandarta, ta riga ta ji komai ta taga. Baba Buroshi yana ƙirgawa a ransa. Goma, sha ɗaya, sha biyu. Ta isa, amma matakin motar ya kai gwiwarta. Ta ɗaga ƙafa, ƙafar ta dawo. Ta sake, ta dawo. Ya ruga ciki ya ɗauko gwangwanin fenti ya kife mata a ƙasa, ya durƙusa ya riƙe shi. Ta ɗora ƙafa ɗaya, ɗayar ta ƙi tashi. Numfashinta ya fara sama, layin kuma ya cika da idanu.

Ta dubi ƙasa. Gwangwanin yana kaɗawa a ƙarƙashin ƙafarta, ba don nauyinta ba. Hannun mijinta ne ke rawa, hawaye na ɗiga a kan shuɗin fentin. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ja mayafinta ta rufe fuska.

"Dogo, ɗana," ta ce, "zo ka ɗauke ni."

Dogo ya ɗauke ta cak ya zaunar da ita a gaba. Baba Buroshi ya shiga ya matsa kusa da ita, ƙamshin burodi ya cika motar, suka hau babban titi. Ba ta buɗe fuskarta ba, ta dai lalubo hannunsa ta riƙe.

"Malam," ta ce daga cikin mayafin, "layin nan kuwa ya miƙe."

Hannun bai daina rawa ba har suka isa ƙofar asibiti, tara saura minti huɗu.