Kaset Ɗin Baban Malam

Shagona na Gyadi-Gyadi, in ka shigo da ƙafar dama, ta hagu tana waje. A nan nake juye wa mutane tsofaffin kaset zuwa kwamfuta. Duk abin da na juye, akwatin ajiya yake tafiya, wani baƙin abu a ƙarƙashin tebur da kwamfutar take magana da shi ta intanet ɗin shago. Lambar sirrin intanet ɗin kuwa, har mai rake ya haddace. Maƙwabci zai tambaya ka ce a'a?

Wani Malam, tsohon hedimasta daga Darmanawa, ya kawo kaset ɗin karatun marigayi mahaifinsa. Sun tsufa har tsoron tari nake kusa da su. Sau ɗaya kowanne ya zaga, zaren ya dagargaje. Na ce, "Malam, kwantar da hankalinka. Abin da ya shiga akwatina, ko gobara sai ta yi sallama." Ya ce zai zo da filashi bayan Sallah ya kwafa.

Satin nan 'yar kawuna ta biyo. Aikin kwamfuta take a wani ofis a Tarauni, kuma taubashiyata ce, tunda muke ba mu taɓa magana ta hankali ba.

Ta duba kwamfutar ta ce, "Kai bawana, yaushe rabonka da sabunta wannan?"

"Tun kina tallan gyaɗa."

"Ka saurara. An gano ɓaraka can cikin zuciyar manhajar, a ɓangaren da ke karɓar saƙo tsakaninta da akwatin. An ware masa wuri kamar mudu ɗaya a ƙwaƙwalwa. In wani ya turo saƙo ya ce mudu ne alhali buhu ne, ba ya aunawa, juyewa kawai yake. Sauran ya malale kan abin da ba nasa ba."

"To ki kawo tsintsiya."

"Wallahi ba wasa nake ba. Sun fitar da gyara, rabin awa ne."

Na ce in an ɗauke wuta ana tsakiya fa? A bari sai bayan Sallah. Gaskiyar ita ce, wallahinta ma na ɗauka cikin wasan ne. Da bare ne ya faɗa min, da na yi a ranar.

Wata Laraba da hantsi allon ya sandare, fararen rubutu suka cika shi. Na kashe na kunna. Sunayen fayil suna nan reras, amma duk wanda na buɗe sai shuuu. 'Yar kawuna ta zo ta wuni a kai. Ta ce wataƙila wata na'ura mai cuta ce ta hau layin, ba za a san ta wa ba. Ƙwaƙwalwar ta rikice, ta yi ta rubuta shirme a kan ajiyar. Ba ta tsokane ni ba, ko sau ɗaya.

Malam ya zo da sabon filashi, ko ledarsa bai ɓare ba. Na faɗa masa a tsaye. Ya daɗe yana kallon ƙarƙashin tebur.

Ya ce, "Amma kai ka ji shi lokacin da kake juyewa. Akwai inda ya tsaya ya kira sunana, ina ƙarami ina damunsa. Ka ji wurin?"

Na ce, "Malam, na rage murya ne. Hira muke da mai shagon kusa."

Ya sa filashin a aljihu, ya ce Allah ya ba mu alheri.