Ɗigon Saitin Sama'ilu

A duk masu zuwa shagona babu wanda ya kai Sama'ilu mai adaidaita ɗaga min hankali, kuma duk a kan ɗigo ɗaya. Ni Jalaluddeen gyaran waya nake yi a bakin tashar Kazaure. Mutane na kawo min fasasshen gilashi da wayar da ta sha ruwa, shi kuwa sai ya toshe min ƙofa da kekensa, ya miƙo waya ya ce, "Jalalu, canza min kalar nan."

Wasan harbi ne na waya da muke bugawa, ni da shi a ɓangare ɗaya. Kana riƙe da bindiga, a tsakiyar allo akwai ɗan ɗigo, duk inda ka ɗora shi nan harsashi zai tafi. Shi muke kira saiti. Ana iya canza masa kala, sai dai wurin canzawar da Turanci yake, Sama'ilu kuwa bai yi nisa a boko ba.

A Kanya Babba aka haife shi, gidan Fulani masu kiwo. Tun yana yaro aka san shi da ido. Daga nesa yake hango saniyarsu cikin garken wasu ya kira sunanta, danƙonsa kuma ba ya kuskuren kurciya. Da shanun suka ragu gidan ya koma noma, shi noma bai karɓe shi ba, sai ya taho Kazaure ya fara acaɓa, daga baya ya samu adaidaita. Ya auri Bahijja, suna da 'ya'ya biyu. Tuƙinsa mai sanyi ne, ba gudu ba zage-zage, shi ya sa iyayen unguwarmu suka damƙa masa kai yara makaranta. 'Yata Ihsan ita ce ƙarama a cikinsu, kusa da shi take zama, tana kiransa Kawu.

A wasan nan ma idon ne. Mu muna ɓarin harsashi, shi ɗaya yake saki mutum ya faɗi. Har haushinsa nake ji.

Bara ne ya fara. Ya ce jan ɗigon yana sajewa da bangon ƙasa, na mayar masa kore. Bai jima ba ya dawo, wai koren yana ɓacewa cikin ciyawa, na sa ruwan ɗorawa. Daga nan ruwan hoda, na ce, "Kai ɗan Fulani, bindiga ce ko lefen amarya?" Ya yi dariya. Sai fari. Sai ya ce in ƙara wa ɗigon girma, na ƙara har ya kai ƙwayar gyaɗa. Duk da haka harbinsa sai lalacewa yake yi, ni kuma ina ta yi masa tsiya, wai aure da tuwo sun kashe masa hannu.

Wata Alhamis shagon ya cika, ga wata mata tana min masifa a kan cajarta, sai ga shi. Raina ya ɓaci. Na karɓi wayar, na daddanna ta a banza ban taɓa komai ba, na miƙa masa na ce, "Ga shi na sa shuɗi, don Allah ka bar ni in nemi abinci."

Ya kai wayar kusa da fuska, ya karkata kai kamar kaza tana kallon shirwa. Ya ce, "Yauwa! Shuɗin ya fi fitowa."

Ɗigon fari ne fat, yadda yake tun jiya. Na sallami mutane, na janyo ƙofa rabi.

Na ce, "Sama'ilu, wace kala ce wannan?"

Ya kifa wayar a kan tebur.

"Magana nake yi da kai!"

Ya zauna a benci ya cire hula. Ya ce, "Ba kalar ba ce, Jalalu. Na jima da sani. Duk abin da na kalla kai tsaye, shi ne ke ɓacewa, kamar an dangwala yatsa mai maiƙo a wurin. Gefe da gefe ina gani ras. Shi kuma ɗigon nan a tsakiya yake, ba ya matsawa. In ina son ganin fuskar Bahijja, sai na kau da kai na kalli bangon da ke kusa da ita."

Tausayi ya kama ni, amma fushi ya riga shi fitowa. Na ce, "Kuma a haka kake ɗaukar min 'ya kullum safiya?"

Ya ce babu ramin da bai sani ba a hanyar, ko an rufe masa ido zai kai su.

"Akuya fa? Yaron da zai tsallaka titi da gudu fa? Su ma ka haddace su?"

Ya kama hannuna. "Don girman Allah ka rufa min asiri zuwa hutun makaranta. Keken nan shi ne cina da na iyalina."

Ban yi masa alkawari ba. Na rufe shago washegari na kai shi asibitin ido a Kano. Likita ya haska, ya sake haskawa, ya ce tsakiyar idon ne ta can ciki ya lalace, tabarau ba zai gyara ba, kuma ya ajiye tuƙi tun daga ranar. Muka shiga mota muka dawo Kazaure. Ni na ɗauka magana ta ƙare.

Ran Litinin da safe sai na ji hon a ƙofar gidana. Innalillahi! Ihsan ta suri jaka, na riƙe ta. Na leƙa na ce masa yau ni zan kai ta. Ya ja keken ya tafi. Na ɗora ta a babur muka bi bayansu, ina kallon ƙafafun yaran mutane suna reto ta gefen keken. Tawa na tsare, na wasu fa?

A ƙofar makaranta Hajiya Mairo, wadda tagwayenta ke cikin keken, ta tare ni. Ta ce, "Malam Jalalu, lafiya ka cire Ihsan? Ko kun saɓa da mutumin naka ne?"

Na faɗa mata. Ban rage komai ba. Kafin la'asar unguwa ta ɗauka, kafin Juma'a shugabannin masu adaidaita sun kira shi sun karɓi makulli. Bahijja ta aiko min da saƙo cewa ta gode da amana. Ya yi min ciwo ƙwarai. Amma ko yau aka sake tambaya ta, abin da zan faɗa ke nan, kuma hakan bai sa na ji daɗi ko kaɗan ba.

Yanzu kurar ruwa yake turawa. Sunansa yana nan a jerin abokan wasana, bai sake shiga ba. Ni ma wasan ya fita raina. Ihsan har yanzu in ta ji hon da safe sai ta leƙa ƙofa.

Hanyar rijiyar da yake ɗibar ruwa ta gaban shagona ta bi. Kullum yana wucewa fuskarsa a miƙe, na san ko ya kallo ni ba gani na zai yi ba. Jiya kuwa da ya zo daidai ƙofa, sai ya karkata kai, ya mayar da fuskarsa wajen shagon mai shayi da ke kusa da nawa. Mai shayin ya ce min, "Ka ga mutuminka, ko kallonka ba ya son yi."

Na miƙe tsaye na ɗaga hannu. Kurar ta tsaya, ruwa ya ɗan fantsalo daga bakin jarkokin. Sannan ya sunkuya ya ci gaba da turawa.