Malam Bahago da Jan Dutsen Zaiba

Sunansa na yanka Yakubu, amma a Ƙofar Kuyambana ba wanda ya san shi sai da Malam Bahago, don da hagu yake komai in ban da cin abinci. Shekara ashirin da ɗoriya ya yi yana hawa kekensa daga cikin birni zuwa Samaru, inda yake aiki a sashen nazarin duwatsu na jami'a. Shi ba malamin aji ba ne. Aikinsa yanka dutse. Zai ɗauki dutse ya yanka shi da inji, ya yi ta goga shi har ya koma siriri kamar ɓawon albasa, sannan ya manna a gilashi don malamai su duba a madubin ƙara girma. Sukan ce in Bahago ya goge dutse, har haske ratsa shi yake yi.

A 1984 aka tafi da shi aikin bincike can arewa cikin hamada, wata biyu cur. Ya dawo ya rame, ya yi baƙi, bakinsa cike da labari. Matarsa Ramatu ta ji labarin nan har ta haddace.

"Ramatu, wurin nan da can duwatsu ne masu aman wuta. Wutar ta mutu tun kafin kakanninmu, amma ruwan zafi ya ci gaba da tasowa ta tsagogin ƙasa. Shi ne ya ɗauko zaiba daga can ƙasa ya shafa ta a jikin farin dutse, ja wur kamar an yayyafa jini."

"To, Malam, an samu da yawa?"

"Ina fa! Ita zaiba rowa gare ta. Sai ki samu ɗan gurbi bai fi faɗin ɗakin nan ba, ki haƙa kaɗan ya ƙare. Sai kuma a yi tafiyar yini uku ba a ga ko ɗigo ba."

Wajen 1991 sai wani surutu ya cika gari, wai akwai jar zaiba mai sa mutum ya yi arziki. Amininsa Alhaji Nasidi, mai ɗinkin hula a bakin kasuwa, ya shigo zaurensa wata Asabar da hantsi, riƙe da ƙullin tsumma. Wani baƙo ne daga hamada ya ba shi jajayen duwatsu.

"Malam, an ce in na gasa su a tukunya, zaiba za ta fito. Yau matata Hajiya za ta ara mini murhu."

Malam Bahago ya zube su a tabarma. Ya ɗaga kowanne ya ji nauyinsa, ya karta shi a gindin farin tangaran. Yawancinsu ya ture gefe, ya ce tama ce kawai, irin wadda maƙera suka sani. Uku ne suka bar zane ja mai haske. Sai fuskarsa ta canja.

"Alhaji, waɗannan ukun na gaske ne. Kuma ba za ka fita da su daga zauren nan ba."

"Kamar yaya? Kayana ne fa!"

"Naka ne. Amma hayaƙinsu guba ne, ba wari, ba launi. Na ga wani dattijo a can da ya yi shekaru yana gasa irinsu. Haƙoransa sun zube, hannunsa na rawa, ko ƙoƙon ruwa ba ya iya kaiwa baki. Kai da allura kake ci. Kuma Hajiya da iyalinka duk za su shaƙa."

Alhaji Nasidi ya tashi a fusace ya fita. Juma'a biyu suna haɗuwa a masallaci yana kau da kai. Abin ya dami Malam Bahago ƙwarai, har Ramatu ta lura ya rage cin tuwo. Amma bai mayar da duwatsun ba. Ya kai su wurin aiki, ya yanka ɗaya a hankali da ruwa, ya goge, ya manna a gilashi. Sannan ya je shagon Alhaji ya tsaya a bakin ƙofa.

"Ka zo ka ga kayanka. In ka gani ka ci gaba da fushin."

Alhaji ya bi shi har Samaru yana gunaguni. Ya sa ido a madubin. Ga jajayen jijiyoyi sun ratsa fari, sun rarrabu, sun sake haɗuwa, da ɗigo-ɗigo a gefensu. Ya daɗe a sunkuye.

"Ikon Allah! Malam, ba ni takarda da fensir."

Nan ya zauna ya zana abin da ya gani. Bayan mako uku ya aiko wa Malam Bahago da farar hula mai jan zare, ɗinkin da ba a taɓa ganin irinsa a birni ba. Mutane suka yi ta zuwa shagon suna cewa a yi musu irin ta Bahago. Alhaji ya ɗinka wa da yawa, amma duk wanda ya kwatanta tasa da ta Bahago sai ya ga an rage wani abu. Ran da Malam Bahago ya yi ritaya a 1997, da hular nan a kansa aka ɗauke shi hoto, Alhaji Nasidi na tsaye a gefensa yana gyara masa karinta.