Kumburin da na kashe a ƙafar Baba

Shekarun baya, lokacin ina da ɗan shagon tireda a Masaka, a gidanmu Dokta ake kirana. Ba wani karatu na yi ba, sakandare ma da ƙyar na gama. Shagona ne yake manne da wani kemis, kullum ina kan bencinsa ina kallon yadda ake haɗa wa mutane magani, har na haddace ƙwayoyi da launinsu. Sunan kuwa ya yi mini daɗi, ba zan ɓoye ba.

Wata damina mahaifina yana huɗa a gonarsa ta Kurudu, garma ta sare shi a yatsun ƙafa. Da na je gaishe su ranar Lahadi, na tarar ƙafar ta kumbura ta yi ja, in ka taɓa zafi rau. Mahaifiyata ta ce a kai shi asibiti. Na ce, "Mama, ina raye Baba zai je ya bi layi?" Washegari na kawo masa wasu ƙananan fararen ƙwayoyi, irin waɗanda masu ciwon gaɓoɓi ke sha, wasu kuma suke sha don su yi ƙiba. Na ce biyu da safe, biyu da yamma.

Kwana biyu kumburin ya sace. Baba ya zura takalmin roba ya koma gona, yana gaya wa maƙwabta ɗansa ya fi likitocin cikin gari. Ni kuma da katin ƙwayoyin ya ƙare na ƙaro masa wani.

A sati na uku Mama ta kira ni da hantsi. Ta ce, "Ka zo ka ga ƙafar mahaifinka. Ba ya kukan ciwo, amma wari take."

A asibiti wata likita ta kwance tsumman da aka ɗaure ƙafar da shi. Yatsu biyu sun yi baƙi. Ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce, "Baba, ciwo irin wannan ya kamata a ce ƙafar ta haye, jikinku ya yi zafi. Akwai abin da ya hana. Wa ya ba ku magani?"

Na sunkuyar da kai. Baba ko kallona bai yi ba ya ce, "Ni na saya wurin masu talla a tasha, 'yata. Ban san sunansa ba."

Ta ce in ba ta san ƙwayar da yawan kwanakin ba, lalube za ta yi, kuma akwai irin wadda in an tsayar da ita lokaci ɗaya sai ta kayar da mutum. Sabon katin da na sayo yana aljihun rigata. Na tsaya ina tunanin kunyar da zan sha, alhali ƙafar mahaifina ake magana. Wannan tsayawar har yau ita ta fi damuna. Daga baya na ciro na ajiye a tebur, na ce ni ne.

Ba ta yi mini faɗa ba. Ta juya bayan wata takarda ta zana ɗan da'ira, ta ce wannan farar ƙwayar jini ce, ita ke yaƙar cuta. A cikin kowace ɗaya akwai umarnin da muka gada daga iyaye, kamar littafi, amma ba duka take karantawa lokaci guda ba. In datti ya shiga rauni, sai ta buɗe shafin da ya ce ta kira 'yan'uwanta, a buɗe hanyar jini, a ɗumama wurin. Shi ne kumburi da jan da muke gani. In an gama da cutar, sai ta rufe shi ta buɗe na warkewa.

"Ƙwayar da ka ba shi," in ji ta, "har cikin nan take shiga ta rufe shafin farko. Mu ma muna bayar da ita, ga wanda jikinsa ya ƙi rufewa da kansa. Shi Baba aikin bai ƙare ba ka sallami ma'aikatan."

An cire yatsun biyu, ƙafar ta tsira. Ƙwayar kuma a hankali aka riƙa rage masa ita har ya rabu da ita. Da na durƙusa a gefen gadonsa neman gafara, sai ya ce, "Tashi, kana tare wa nas hanya." Bai sake ta da maganar ba.

Abin da nake yawan tunawa shi ne, ban ba shi maganin don mugunta ba. Na ba shi ne don in ji an ce Dokta. Na ga kumburi na ɗauka shi ne ciwon, ashe jikin ne yake aikinsa, ni kuma na shiga tsakani da ilimin benci. Tun daga nan ko maganin ciwon kai aka tambaye ni, asibiti nake nunawa. Huɗar doya kuma ta dawo kaina duk damina, don ƙafar Baba ba ta riƙe shi a kan kunyar gona kamar da.

Bara murfin gwangwani ya yanke ni a hannu, wurin ya tasa ya yi ja. Ina ɗora hula zan tafi asibiti, Baba yana zaune a tabarma yana shafa wa ƙafar mai. Ya ɗago ya ce, "Dokta, yau ba za ka haɗa wa kanka ba?"

Na ce, "A'a Baba, layi zan je in bi."