Ƙasa a Bayan Ɗalha

Yayana Ɗalha ɗan kokawa ne tun muna yara a Andarai, kuma bayansa bai taɓa ƙasa ba. A wajenmu, in bayan mutum ya taɓa ƙasa an gama, sai a ɗaga shi a kai gida. Babanmu Attahiru, tsohon ɗan kokawa, ba shi da hira sai ta bayan ɗansa.

Sai Ɗalha ya bi motar albasa daga Aliero zuwa Ikko, ya daɗe can yana dako. Wani ma'aikacin jirgin ruwa ya koya masa kokawar waje, wai jujitsu, wadda mutum zai kwanta rigingine da gangan, ya tokare abokin karawa da ƙafafu. Da ya dawo ya gwada mana a tsakar gida, muka yi ta dariya, na ce kamar ƙwaron da aka kifar. Baba bai yi dariya ba. Ya tashi ya fita, ya daina gaisawa da shi sai sama-sama.

Bayan an ba mu jihar Kebbi, wata ranar kasuwar Jega muka kai gero mu uku. Wani mahauci Surajo, da ciwon taɓin hankali ya tasar masa, ya fito da wuƙar fawa yana saran iska. Mutane suka watse, ni kuwa ina tsaye a hanyarsa. Ɗalha ya shiga tsakaninmu, sai kawai na gan shi a ƙasa.

Na ɗauka ya mutu. Ashe ya dafe ƙugun Surajo da ƙafa ɗaya, ɗayar a gwiwar hannun wuƙar, ya damƙe hannun rigarsa. Surajo na dannowa, wuƙar na rawa a saitin cikin Ɗalha, ba ta isa ba.

Baba ya taho a guje da wasu dattawa, za su kama Ɗalha ta hammata su ɗaga, yadda aka saba yi wa wanda aka kayar.

"Baba, kak ka taɓa ni," in ji Ɗalha. "Ban hwaɗi ba, kwantawa niy yi. In kat tashe ni, yuƙag ga cikina za ta."

Baba ya tsaya a sunkuye, hannuwa a miƙe. Sannan ya juya ya tare dattawan da ƙirjinsa. Haka ya tsaya yana kallon ɗansa a ƙasa, har hannun Surajo ya gaji, wuƙar ta faɗi, mahauta suka riƙe shi.

Ashe wuƙar ta yanki Ɗalha a sha-raɓa, har yau yana ɗingishi, yana sayar da albasarsa a Maiyama. Ran nan da ya miƙe, bayansa duk ƙasa da ɓawon albasa, jama'a na kallo. Baba ya cire rawaninsa ya shiga goge masa. Bayan nasa ya fita tas, amma bai daina gogewa ba.