Ni da Wuƙa, Yaya da Cinya

Zabon da Inna ta sa aka sayo daga Mashi yana ta fisge-fisge, sai Yaya Sanusi, da ya dawo daga karatu a Indiya, ya miƙo min wuƙa.

Ya ce, "Ni na daina zubar da jini. Mabiya addinin Jain sun ce a wani tsohon labarin Indiya, gwarzon bai kashe mugun sarkin ba. Ƙanen gwarzon ne ya kashe shi, ya kwashi zunubin."

Na ce, "Yaya, su suna cin nama?"

Ya ce, "Ko kusa."

Na yanka. Da aka sauke tukunya, cinyoyin nan biyu shi ya cinye, har da tauna ƙashi.

Jama'a, tausayin zabo ne wannan, ko ƙane aka raina?